Daga Kukan Fanka Zuwa Sabis Ɗin 4G: Lissafin Da Ke Auna Gefe Biyu Ya San Tsakiya

Duk wanda ya taɓa jona fanka a ƙaramar inbata mai araha ya san wannan gunjin da take yi, ga zafi da kanta ke ɗauka, alhali idan wutar KEDCO ce shiru kake ji. Ka ɗauko mita ka auna, za ka iya samun dukansu biyu suna kusa da bolt 230. To idan lamba ɗaya ce, daga ina bambancin ya fito?

Amsar ita ce lamba ɗaya ba ta isa ta bayyana girman sigina. Akwai ma'aunai da yawa, kuma kowace na'ura da wanda ya dame ta. Wannan ya haifar wa injiniyoyi da masana lissafi wata tambaya mai nauyi: idan ma'aunan ba su da iyaka, ta yaya za a tabbatar cewa tsarin da aka ƙera ba zai kumbura sigina fiye da kima a kan kowane ɗaya daga cikinsu ba? A yau za mu duba amsar da lissafi ya bayar, wato ƙa'idar cike tsakani, wadda masana ke kira intafoleshan na ofareta, da rawar da take takawa a fannin nazarin hamonik.

Wutar da ke zuwa da wadda inbata ke ƙirƙira

A Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa zuwa Jos ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya, akwai tashar kamfanin TCN da ke sauke wuta daga kilobolt 132 zuwa 33, kafin taransifomomin unguwanni su ƙara sauke ta zuwa abin da ke shiga gida. Wutar nan ba a tsaye take ba. Tana hawa tana sauka cikin laushi sau 50 a kowace daƙiƙa, wato Hz 50, da siffar da ake kira igiyar sayin.

Inbata mai araha, wadda ake rubuta wa Modified Sine Wave a jikin kwali, ba ta iya wannan laushin. Hawa take yi farat ɗaya, ta tsaya, ta faɗo, kamar matakalar bene. A nan ne aikin Joseph Fourier, masanin Faransa, ya shigo. A littafinsa na 1822 kan yaɗuwar zafi ya nuna cewa siffa mai maimaita kanta za a iya warware ta zuwa tarin igiyoyin sayin masu tsabta. Ɗauki igiya mai kusurwa huɗu zalla: a cikinta akwai uwar igiya ta Hz 50, sai ta Hz 150 mai kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin uwar, sai ta Hz 250 mai kashi ɗaya cikin biyar, sai ta Hz 350 mai kashi ɗaya cikin bakwai, haka har gaba. Waɗannan 'ya'yan su ake kira hamonik. Motar fanka an yi ta ne don uwar kawai. Sauran zuwa suke su zama zafi da ƙara. Ilimin warware sigina zuwa irin waɗannan sassa da sake haɗa su shi ne nazarin hamonik, kuma a kansa MP3 da JPEG da 4G suke zaune.

Mudu uku, da waɗanda ke tsakaninsu

A ce masu shagon cajin waya biyu ne a bakin tasha. Cikin awa huɗu, na farko ya ja amfiya 3, sai 4, sai 0, sai 0 daga batirinsa. Na biyu ya ja 2, 2, 2, 2. Wa ya fi jan wuta?

Idan jimla ake nufi, na farko 7 ne, na biyu 8. Wannan ma'auni sunansa L1, kuma shi ya dami batir, domin shi ke nuna cajin da aka kwasa.

Idan zafin waya ake nufi, to zafi yana tafiya ne da lamba idan an ninka ta da kanta. Na farko: 9 da 16, wato 25, tushensa 5. Na biyu: 4 sau huɗu, wato 16, tushensa 4. Wannan shi ne L2, ma'aunin makamashi, kuma ɗan uwan RMS ɗin da ake gani a jikin sifiku da mitoci. Da wannan mudu na farko ne a gaba.

Idan kuma ƙololuwa ake nufi, na farko ya kai 4, na biyu bai wuce 2 ba. Wannan shi ne L∞, kuma shi ke tantance ko abu zai jure bugu ɗaya mai ƙarfi. Bolt 230 da muke faɗa na RMS ne, amma ƙololuwar wutar gida tana kai wa kusan bolt 325. Dutsen guga RMS ya sani, amma kafasitan da ke cikin caja ƙololuwar yake ji.

Tsakanin waɗannan akwai L3, L4, L6, har da L1.5. Hanyar ɗaya ce: ka ninka kowace lamba da kanta sau p, ka tara, ka ɗauki tushe na p. A L4, mai shago na farko zai ba da 81 da 256, wato 337, tushensa na huɗu kusan 4.3. Lura cewa yayin da p ke girma, amsar tana matsawa kusa da ƙololuwa. Duk siginonin da awonsu a mudun p bai zarce iyaka ba, masana suna tara su a rumbu guda su kira shi sararin Lp.

Mene ne ofareta?

Ofareta a lissafi shi ne duk wani tsari da ke karɓar sigina ya fitar da wata. Rariyar da ke tace hayaniya daga muryarka a kiran WhatsApp ofareta ce. Abin da ke dusashe bayan hoto a kyamarar waya ofareta ne. Warwarewar Fourier ita kanta ofareta ce. Waɗanda suka fi sauƙin nazari su ne miƙaƙƙu: idan ka ninka abin da ka shigar sau biyu, abin da zai fito ma ya ninku sau biyu, idan kuma ka haɗa sigina biyu ka shigar, sakamakon daidai yake da ka shigar da su ɗaya bayan ɗaya ka tara.

Babbar tambayar da ake yi wa kowane ofareta ita ce: iya nawa zai iya kumbura sigina? Wannan adadi shi ne iyakarsa, kuma yana canzawa daga mudu zuwa mudu.

Ga misalin da kowane mai haya da kayan sauti zai gane. Miksa ce mai haɗa makirufo huɗu zuwa layi ɗaya. A mudun jimla, abin da zai fito ba zai wuce jimlar abin da ya shiga ba, saboda haka iyakarta a L1 ita ce 1. A mudun ƙololuwa kuwa, idan mutum huɗu suka ɗaga murya lokaci guda kowa da ƙarfi 1, abin da zai fito 4 ne, saboda haka iyakarta a L∞ ita ce 4. Waɗannan awo biyu masu sauƙi ne. To a mudun makamashi fa?

Ƙa'idar Riesz da Thorin

Marcel Riesz, ɗan ƙasar Hangari da ya yi rayuwarsa ta aiki a Suwidin, ya wallafa ƙa'idar a 1927. Ɗalibinsa Olof Thorin ya faɗaɗa ta a ƙarshen shekarun 1930 da wata hujja gajera, ya kuma cika ta a kundin digirinsa na 1948. Abin da ƙa'idar ke cewa shi ne: idan miƙaƙƙen ofareta yana da iyaka M0 a mudun p0, yana kuma da iyaka M1 a mudun p1, to yana da iyaka a kowane mudu da ke tsakaninsu, kuma ana iya lissafa ta.

Zaɓi lamba t tsakanin 0 da 1, wadda ke nuna nisan da ka yi daga gefen farko. Mudun tsakiya ana samunsa da 1/p = (1 − t)/p0 + t/p1, iyakar kuma ba za ta wuce M0^(1 − t) × M1^t ba. Abin lura shi ne tafiyar a kan 1/p ake yin ta. L1 yana kan 1, L∞ yana kan 0, saboda haka tsakiyarsu shi ne rabi, wato L2.

Mu koma ga miksarmu. A tsakiyar hanya, sai a ninka iyakokin biyu a ɗauki tushe: 1 sau 4, tushensa 2. Mu gwada. Shigar da 1, 1, 1, 1, awonsa a L2 shi ne 2. Abin da ya fito 4 ne. Kumburi sau 2 cif. A L4 kuma t zai zama kashi uku cikin huɗu, ƙa'idar ta ba da kusan 2.83, kuma idan ka raba 4 da 1.41, wato awon siginar a L4, abin da za ka samu ke nan. Awo biyu sun ba mu amsar dukan mudun da ke tsakani.

Dabarar Thorin ita ce ya bar t ta zama lamba mai sarƙa, irin wadda injiniyoyin lantarki ke amfani da ita wajen lissafin wutar AC. Da ya yi haka, sai layin da ke tsakanin 0 da 1 ya zama fili mai gefe biyu. Irin ayyukan lissafin da ke rayuwa a wannan fili suna da wata ɗabi'a kamar ta fallen kwano da ake dumama gefunansa kawai: idan zafin ya zauna, ba za ka sami wuri a tsakiya da ya fi gefe zafi ba. Da ka san iyakar gefuna biyu, ka san iyakar ciki. Thorin bai zauna a jami'a ba, yawancin rayuwarsa ya yi ta ne yana lissafi a kamfanin inshora.

Wannan misalin miksa yana da amfani ga masu rubuta manhaja. Duk wani jadawalin lambobi, irin wanda ke cikin rariyar hoto ko cikin sassan ƙirƙirarriyar basira, ana samun iyakarsa ta L1 ta hanyar tara girman lambobin kowane ginshiƙi a ɗauki mafi girma, ta L∞ kuma ta hanyar tara na kowane layi. Samun ta L2 kai tsaye yana cin lokacin kwamfuta, amma tushen ninkin waɗancan biyun yana ba da rufin da ba za ta wuce ba, nan take.

Inda wannan ya taɓa wayarka

Yanzu mu ɗora ƙa'idar a kan warwarewar Fourier. Gefe biyu a bayyane suke. Na farko: babu hamonik ɗaya da zai fi jimlar girman siginar, wato daga L1 zuwa L∞. Na biyu: makamashin sigina daidai yake da makamashin hamonik ɗinta idan an tara, wato daga L2 zuwa L2, abin da aka sani da sunan Parseval da Plancherel. Cike tsakani sai ya ba da cewa ga kowane p tsakanin 1 da 2, sigina daga rumbun Lp tana faɗawa rumbun Lq, inda 1/p + 1/q = 1. Wannan ita ce ƙa'idar Hausdorff da Young. William Henry Young ya tabbatar da wasu sassanta tun kafin yaƙin duniya na ɗaya, Felix Hausdorff ya kammala ta a 1923 da doguwar hujja. Da ƙa'idar Riesz da Thorin, layuka kaɗan sun wadatar. Idan p ta wuce 2 kuwa, maganar ba ta tsayawa, domin an fita daga tsakanin gefunan.

Sabis ɗin 4G yana aika bayanai ne a kan ƙananan igiyoyi masu yawa a jere, tazarar kilohaz 15 tsakanin kowace da ta kusa da ita. A tashar da ke da faɗin megahaz 20, guda 1,200 ne. Wannan miksa ce mai makirufo 1,200. A mudun makamashi, haɗuwarsu tana girma ne kamar tushen 1,200, kusan 35. Amma idan suka yi dace suka hau tare, ƙololuwar za ta iya kai wa ninki 1,200 na guda ɗaya. Hakan ba kasafai yake faruwa ba, sai dai dole amfilifaya ta bar sarari saboda manyan bugu, kuma barin sararin nan batir yake ci.

Turken sadarwa yana da janareto da manyan batura, zai iya jurewa. Waya ba za ta iya ba, musamman ta matafiyin da ya bar Kwanar Dangora ya nufi Doguwa ta dajin Falgore, domin duk sa'ad da waya ta yi nisa da turke sai ta ƙara ƙarfin aikawa. Shi ya sa a 4G aka zaɓi wata hanya dabam mai suna SC-FDMA don saƙon da ke tashi daga waya zuwa turke, saboda ƙololuwarta ta fi ƙasa. Kuma da ƙungiyar 3GPP mai tsara ƙa'idojin sadarwar waya ta nemi ma'aunin da zai nuna wahalar da sigina ke ba amfilifaya, ta yi amfani da wanda ke ninka siginar sau uku da kanta sannan a ɗauki RMS. A harshen lissafi wannan L6 ne, mudu na tsakani. Ƙa'idar Hausdorff da Young tana ba da rufi a kansa daga awon igiyoyin a mudun 6/5.

Idan gefe ɗaya ya ƙi: Marcinkiewicz

Akwai ofaretoci masu muhimmanci da ba su da iyaka a gefuna. Mafi shahara shi ne yanke mai kaifi: ka riƙe hamonik har zuwa wata mita, ka zubar da sauran gaba ɗaya. Gwada wannan a kan igiya mai kusurwa huɗu, za ka ga ƙaho ya fito a bakin kowace kusurwa, tsawonsa kusan kashi 9 cikin 100 na tsallen, kuma komai yawan hamonik da ka ƙara, ƙahon sirancewa yake yi kawai, ba ya gajarta. Henry Wilbraham ya lura da shi a 1848, Josiah Willard Gibbs ya bayyana shi a 1899. Danginsa ne wannan inuwa mai rawa da kake gani a gefen rubutu idan hoton takarda ya sha matsewar JPEG, domin JPEG yana raba hoto zuwa murabba'ai na ɗigo 8 sau 8 ya rage ƙananan bayanai.

Ƙahon Gibbs alama ce mai sauƙi. Ana iya ƙera siginonin da ƙololuwarsu za ta yi ta hawa ba iyaka yayin da ake matsar da wurin yankewa gaba. Haka ma a L1. A L2 kuwa lafiya lau, tunda zubar da sashe ba ya ƙara makamashi. Gefe ɗaya kawai ke hannu, kuma ƙa'idar Riesz da Thorin biyu take buƙata.

A 1925 Andrey Kolmogorov na Rasha ya nuna cewa canjin Hilbert, ofaretan da ke ƙarƙashin wannan yanke, yana da wata iyaka mai rauni a L1. Ma'anarta ita ce, ko da jimlar abin da ya fito ta iya zama ba iyaka, wuraren da ya haura wani tsayi kaɗan ne, kuma idan ka ninka tsayin sau biyu, rufin faɗin wuraren yana raguwa da rabi. A 1939 wani matashi ɗan Folan, Józef Marcinkiewicz, ya sanar cewa irin wannan iyaka mai rauni a gefuna ta isa ta ba da cikakkiyar iyaka a tsakiya. Dabararsa kamar tankaɗe ce: a kowane tsayi ka raba sigina gida biyu, tsaki da gari, wato sashen da ya haura tsayin da wanda bai kai ba. Ka auna tsakin da mudu ɗaya, garin da ɗaya mudun, sannan ka tara a kan dukan tsayi.

Marcinkiewicz bai samu damar wallafa hujjar ba. Yaƙi ya ɓarke a shekarar, ya koma gida ya shiga soja, sojojin Tarayyar Sobiyet suka kama shi, ya rasu a 1940 yana kusan shekara 30. Malaminsa Antoni Zygmund ne ya wallafa cikakkiyar hujjar a 1956. Da ita ake samun cewa yanke mai kaifi yana da iyaka a kowane p da ya fi 1 bai kuma kai ∞ ba, sai dai iyakar tana hauhawa yayin da aka matso gefe. Riesz ya riga ya gano wannan sakamako ta wata hanya a shekarun 1920, amma hanyar Marcinkiewicz ce ta yi aiki a wuraren da waccan ba ta kai ba. A kanta Zygmund da Alberto Calderón na Ajantina suka gina aikinsu na 1952 kan ofaretoci masu kaifi a fili mai fuska da yawa, irin na hoto. A 1964 kuma Calderón a gefe guda, Jacques-Louis Lions da Jaak Peetre a ɗaya gefen, suka mayar da dabarun biyu cikakken fanni mai aiki a kan rumbuna iri-iri.

Darasin da injiniya ke ɗauka a nan a fili yake: in har ƙololuwa ta dame ka, kada ka yanke da kaifi. Shi ya sa rariyoyin sauti da na hoto suke gangarowa a hankali a bakin iyakarsu.

Abin da ƙa'idar ba ta yi alkawari ba

Na farko, rufi take bayarwa. Tana cewa kumburi ba zai wuce kaza ba, ba ta ce dole ya kai ba.

Na biyu, ƙa'idar Riesz da Thorin ta miƙaƙƙen tsari ce. Amfilifayar da aka ƙure har sauti ya fara fashewa ta bar wannan sahu, domin tana aske kan igiya ne, askin kuma yana haifar da sababbin hamonik waɗanda ke iya ƙona ƙaramar sifikar sama. Taransifomar da aka ba wa bolt fiye da kima ma haka. Don haka kada mai karatu ya ɗauki lambar aikin yau da kullum da lambar bugun farko da ke jikin inbata ya ce zai cike tsakaninsu da wannan lissafi. Waɗancan maganar zafi da juriyar kayan ciki ce.

Na uku, sai an san gefe biyu. Mai sayar da sifika da ya nuna maka dubban wat na PMPO a jikin kwali bai ba ka ko gefe ɗaya mai tsayayyar ma'ana ba. Nemi lambar RMS. Wajen sayen inbata don fanka, firij ko famfon ruwa, nemi mai rubutun Pure Sine Wave, ka duba adadin THD, wanda ke nuna girman hamonik idan an gwada da uwar igiya. A igiya mai kusurwa huɗu zalla yana kai wa kusan kashi 48 cikin 100, a inbata mai kyau kuwa 'yan kaso kaɗan ne. Duk lambar da aka nuna maka, tambayi da wane mudu aka auna ta.

Ɗalibin lissafi ko injiniyan lantarki a Jami'ar Bayero, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko ta Aliko Dangote da ke Wudil, zai iya gwada duk wannan da kwamfutarsa. Buɗe Python, ƙirƙiri jadawalin lambobi na layi 100 da ginshiƙi 100, lissafa iyakarsa ta L1 da ta L∞, ninka su ka ɗauki tushe, sannan ka gwada da ainihin iyakar L2 da NumPy zai ba ka. Maimaita sau dubu da lambobi dabam-dabam. Ba za ka taɓa samun ta L2 ta haura rufin ba.